Sa giya ba tare da taka kuloci ba: gwaninta ce ko kashe giyabos?

Sani_Kwangila:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Don Allah a warware min wani abu. Ni yaron mota ne, hannu ya fara faɗawa amma ban kai ga karɓar tawa ba. Maigidana na farko tankar Mack yake ja, kuma a wurinsa kuloci na tashi ne da tsayawa kawai. Da mota ta mirgina sai ka ga ya sassauta totur, ya zare giya, ya jefa ta gaba, ƙafarsa ta hagu ko motsi ba ta yi ba. Ya ce min duk mai taka kuloci a kan tafiya ɗan koyo ne. Yanzu ina bin wani a DAF, muna ɗaukar masara daga Giwa da Saminaka zuwa kudu. Shi kuma ya rantse ranar da ya ga na sa giya ban kai kuloci ƙasa ba, ranar zan sauka da jakata ko da a dajin Birnin Gwari ne. Dukansu sun daɗe a kan titi. To wa ke da gaskiya?

Baba_Mai_Mack:
Wa alaikumus salam. Ɗana, riƙe maganar maigidanka na farko. Mu a tsohuwar Mack mai sanda biyu muka koyi mota, wadda wani lokaci sai ka zura hannu ta cikin sitiyari ka kama sanda ɗaya, ɗaya hannun yana kan ɗayar. Da kuloci muke takawa a kowane canji daga Apapa zuwa Zariya, da gwiwar nan ba ta kawo ni yau ba. Giya da kunne ake sa ta. In inji ya kai inda ya kamata, da yatsu biyu ma sai ka tura sandar ta faɗa. In ka ji ƙarrr, kai ne ka yi gaggawa ko ka makara, babu ruwan ƙafar hagu.

DanGiwa_95:
Baba, da girmanka, amma wannan maganar ba ta ci a DAF ba. Sani, bi maigidanka na yanzu in kana son zaman lafiya. Taka ya kai ƙasa, sa giyarka, saki a hankali.

Bakano_Dawanau:
Zage-zagi kuna muhawarar giya, alhali duk ƙasarku babu wani tudu sai gadar Kwangila. Ku zo mu koya muku.

DanGiwa_95:
Kai kuma wane tudu ke gare ku a Kano ban da Dala da Goron Dutse, su ma da ƙafa ake hawa? Mu dai ta Pambeguwa muke bi mu hau Jos.

Injiniya_Muciya:
Ku bar wasa ku ba yaro amsa. Sani, iyayen gidan naka kowa ya yi daidai a kan motarsa, sai dai kowannensu ya ɗauka duk giyabos ɗin duniya irin nasa ne. Ga abin da muke gani in mun kwance.

Kafin giya ta shiga, dole abu biyu su zo gudu ɗaya: ɓangaren da inji yake juyawa da ɓangaren da taya take juyawa. A motocin Amurka, wato Mack da masu giyabos ɗin Eaton Fuller, babu mai daidaita su sai direba. Wani ƙarfe ne mai haƙora yake zamewa a kan shaf ya cafki giyar. In gudun ya zo ɗaya ya shige salin-alin, in bai zo ɗaya ba haƙora su goga juna, shi ne ƙarar da Baba yake faɗa. To a irin wannan, mai kunne zai iya sa giya ba kuloci kuma babu abin da zai ci.

Na Turai kuwa, DAF da MAN da Iveco masu giyabos ɗin kamfanin ZF, kowace giya da zobenta, sinkoro. Kana tura sanda zoben ne yake fara mannewa, ya goga, ya ja gudun ya daidaita, sannan ya ba da hanya. An yi shi ne don ya juya farantin kuloci da shaf ɗin gaba kaɗai, saboda an san ka raba su da inji. In ba ka taka ba, ka haɗa shi kokawa da inji sukutum, ga tan 30 a baya. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Abin haushin kuma ba ya ƙara da farko. Zai yi ta cinyewa shiru, direba yana jin ya ƙware, sai wata rana ta uku ta fara ƙin shiga da sanyin safe, bayan ɗan lokaci ta fara karta ko an taka.

Sani_Kwangila:
Allah ya saka da alheri Injiniya. To in aka ba ni motar da ban sani ba, ta yaya zan gane irin giyabos ɗinta?

Injiniya_Muciya:
Kar ka dubi sunan da ke goshin mota, don a ƙasar nan mota nawa aka canza wa ciki. Shiga ƙarƙashi da tsumma ka goge ɗan allon ƙarfen da ke jikin giyabos. In ka ga ZF 16 S 151 ko 16 S 181 ko 16 S 221, wannan S ɗin mai zobe ne, giya 16. Tsofaffin ZF masu K babu zobe. Sannan ƙafarka ma za ta gaya maka: a Mack da Eaton in ka kai kuloci can ƙasa za ka ji kamar ka matse wani abu a ƙarshe.

Hajiya_Mai_Tifa:
Ni ban iya tuƙi ba, amma ni nake biya. Tifofina yashi suke ɗauka, kuma duk direban da zan ɗauka sai na ce masa: in ka cinye min farantin kuloci zan yi faɗa in saya, in ka kashe min giyabos ka nemi wani aikin. Farantin yini ɗaya ne mota ta koma aiki. Giyabos kuwa a sauke, a kwance, a aika Kano ko kasuwar Ladipo a Legas neman kaya, a kawo wanda bai yi ba, a mayar. Mota tana zaune, iyalin direban ma suna zaune. Don haka masu cewa suna tattalin kuloci ne, na gode, a daina yi min wannan tattalin.

Baba_Mai_Mack:
Hajiya, Allah ya ƙara arziki. Amma wanda ya kashe miki giyabos ba rashin taka kuloci ne ya kashe ba, rashin iyawa ne. Akwai mai takawa har ƙasa kuma yana fizgar sanda kamar yana faɗa da ita.

Hajiya_Mai_Tifa:
Baba, to ni ta yaya zan gane mai iyawa kafin ya yi min ɓarna? Kowa ya zo cewa yake ya iya.

Malam_Basawa:
Salam. Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma ita ce asalin koyarwa a giyabos mara zobe: taka biyu. Ni na yi kwas a NITT, cibiyar koyar da fasahar sufuri, nan kan hanyar Basawa, kuma littafin Eaton kansa taka biyun ya ce a yi.

In za ka hau sama: ka taka kuloci rabi, ka zare zuwa firi, ka saki kuloci, ka bar allurar agogon da ke nuna juyin inji ta sauko, ka sake takawa rabi, ka sa giya. A mai giya 10, in ka zare a wajen 1500, ta gaba tana jiranka a wajen 1100. In za ka sauko kuwa juyawa ake yi: ka zare zuwa firi, ka saki kuloci, ka ba ta wuta allura ta hau da kamar 400, ka taka, ka sa. Sakin nan na tsakiya shi ne maganar, domin a lokacin ne inji yake juya cikin giyabos ya kai shi gudun da ake so. Wanda ya ba da wuta ƙafarsa tana kan kuloci ya ƙona gas a banza.

Abin da Baba yake yi shi ne wannan ɗin dai, ya cire takawar kawai. Bambancin, in mai taka biyu ya ɗan kauce da kaɗan, kuloci zai shanye bugun. In mara takawa ya kauce, haƙoran giya da farfela da bakin aksul ne za su sha. Baba ba ya kaucewa, na yarda. Sani fa?

Baba_Mai_Mack:
To Malam, ka dai faɗa da bakinka cewa abu ɗaya muke yi. Ni allurar tawa ma ta mutu tun tuni.

Usman_Tanka:
Malam ya ce "rabi" sau biyu, kar a wuce wurin nan. A Mack akwai birkin kuloci a can ƙarshen takawa. Aikinsa ya tsayar da shaf in mota tana tsaye, don ka samu ka sa ta ɗaya ko ribas ba ƙara. In ka kai shi ƙasa mota tana tafiya, ka ce masa ya tsayar da abin da ba zai iya ba, sai ya ƙone ko ya karye. Daga nan kullum da safe kana tsaye kana ta karta kafin giya ta shiga, duk garejin ana kallonka. Mutanen DAF in sun dawo Mack wannan ce ɓarnarsu ta farko, don ƙafarsu ta saba zuwa ƙasa. Mutanen Mack in sun koma DAF kuma rabi suke takawa, su ci zobe. Sani, kai da ka bi duka biyun, ƙafarka ce abin tsoro.

Auwalu_Howo:
Kuna ta Amurka da Turai, alhali rabin titin yanzu 'yan Chana ne. Mu fa ina aka ajiye mu? Tawa mai giya 10 ce, biyar a lo (na ƙasa) biyar a hai (na sama). In na taka sau ɗaya na tura, wani lokaci ta shiga wani lokaci ta yi min tsawa.

Injiniya_Muciya:
Auwalu, yawancin masu giya 10 da suke shigo min gareji babban akwatin babu zobe, sai a ɓangaren hai da lo na baya. Don haka taka biyu ne maganinka, irin yadda Malam ya bayyana. Amma akwai masu zobe a cikinsu, duba allon naka. Giyabos ɗin kamfanin Fast da ke zuwa a motocin Shacman ma tsarin Eaton ne aka ɗauko, shi ya sa tsofaffin direbobin Mack ba sa shan wahala da su.

Tsohon_Steyr:
Ai 'yan Chanan nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Kamfanin da yake yin Howo a kan fasahar Steyr ya tashi, wadda suka sayo daga Ostiriya a shekarun 1980. Mu kuma Steyr a Bauci ake haɗa mana ita, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu, Leyland a Ibadan. Yaran yanzu in ka gaya musu a ƙasar nan aka haɗa motar da ka koyi tuƙi da ita sai su ɗauka tatsuniya ce.

Bakano_Dawanau:
Ka ga dai Kano ta fito a lissafi, Zariya shiru.

Garba_Roka:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar masu zuba mota a firi a gangara. Wannan ne yake kashe mutane, ba zobe ba. Wanda ya taɓa bin Hawan Kibo ya ga abin da ke kwance a gefen hanya ya san abin da nake faɗa. Mutum da buhu 600 na siminti ya zare giya wai yana tattalin gas. Kafin ya kai rabi mota ta fi ƙarfin giyar da ya zare, ya nemi mayarwa ta ƙi, sai birki. Ya taka, ya taka, gangunan birki su yi zafi, warin ƙauri ya cika kan mota, ƙafa tana ƙasa mota tana ƙara gudu. Ga inji yana silo, kwamfiresa ba ta tara iska yadda ake zubar da ita. Sai salati.

Mu yadda aka koya mana, tun kana bisa kafin kan mota ya sunkuya za ka zaɓi giyarka, wadda za ka hau tudun da ita ko ƙasa da ita, ka kunna birkin inji, ka bar ta tana gurnani har ƙasa. Masu ƙananan motoci su yi ta hon, su suka sani.

DanGiwa_95:
Gaskiya ne Oga Garba. A agogon juyin inji na DAF ma bayan launin kore akwai shuɗi a sama, an yi shi ne don gangara. Birkin inji ba ya kamawa sosai sai allura tana can. Da yawa sai su kunna shi allura tana 1200 su ce ba ya aiki. Sauko da giya ka gani. Ja ne dai ba a shiga.

Ɗalibi_Samaru:
Ni ba direba ba ne, injiniyanci nake karantawa a ABU, a yi min afuwa in na shiga hurumin manya. Maganar tattalin gas a firi ma akwai gyara. In mota tana cikin giya a gangara kuma ka ɗauke ƙafa daga totur, taya ce take juya inji, famfo yana yanke gas. In ka sa firi kuwa dole inji ya sha gas don kar ya mutu. Ke nan a gangara mai tsanani wadda dole ka taka birki, mai firi ya fi shan gas.

Usman_Tanka:
Ɗan makaranta, lissafinka ya yi a takarda, amma ka bar rabi. A ɗan gangare mai sauƙi, irin na tsakanin Jaji da Zariya, in ka sa firi mota tana miƙawa da nisa har ta hau rabin tudun gaba da kanta. A cikin giya inji zai riƙe ta, ka dawo kana ba ta wuta. Direbobi ba mahaukata ba ne, sun auna da jarka. Sababbin masu otomatik ma da kansu suke sakin giya a irin wurin nan. Ban ce a yi ba, na ce kar a ce babu dalili.

Ɗalibi_Samaru:
Haka ne Oga, amma ita kwamfuta ce take saki, kuma kana taɓa birki ko gudu ya wuce ƙa'ida ta mayar nan take. Mutum fa, in akuya ta fito ko wani ya yanko masa a Keke Napep?

Usman_Tanka:
To ka tambayi masu mota me ya sa suke auna gas kamar turare. A ba ka na zuwa Legas cif-cif, a manta za ka kwana biyu a go-silo, a manta ramukan Tegina zuwa Makwa da ba ka wuce ta huɗu. In ya ƙare a hanya daga aljihunka. Wannan ne yake koya wa yaro firi, ba wani oga ba.

Hajiya_Mai_Tifa:
Malam Usman, kar mu buɗe wannan faifan, don in aka buɗe za a yi maganar jarkokin da ake saukewa da daddare a bakin hanya. Kowane ɓangare akwai na Allah akwai na Annabi. Ni dai direbana ya dawo da gas ya ƙare ya fi min ya dawo a makara, ko ya ɗauki ran 'ya'yan mutane.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan giya. Rigimar gas a buɗe mata nata wurin.

Garba_Roka:
To a kan giya. Wani abin da yake cin kuloci fiye da duk canjin da ake gardama a kai shi ne tashi. Ka tsaya a Kwangila da yamma ka kalli masu buhu 900 in go-silo ya kama su a kan hawa. Mutum yana jin ƙyuyar fara wa daga ƙasa, sai ya tashi da ta uku, ya cika wuta, ya riƙe kuloci rabi, kan mota yana tsalle, hayaƙi yana fita ta ƙasa. Tashi ɗaya irin wannan ya fi canji ɗari ci. Da kaya, ka sa giyar da mota za ta mirgina da kanta ba ka taɓa totur ba, sai kuloci ya gama kamawa sannan ka ba ta wuta. In ba kaya ka tsallake yadda kake so, ba wanda ya ce sai ka bi 16 ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Kuma yaran mota, waigin tokare taya ba ado ba ne. In an tsaya a tudu ka sauka da shi a hannu tun ba a kira ka ba.

Sani_Kwangila:
Oga Garba, wannan kam muna shan sa. To tunda an zo nan, a hawa fa? In mota ta fara nauyi a tsakiyar tudu, yaushe ake saukowa? Na ga maigidana wani lokaci rabi yake saukewa, wani lokaci ya tsallake giya guda da rabi a tashi ɗaya.

DanGiwa_95:
Yana karanta tudun ne. ZF 16 giya huɗu ce a hannu, makunnin gaba ya ninka ta zuwa takwas, na gefe ya raba kowace biyu. In tudun ɗan kaɗan ne kuma ka hango ƙarshensa, rabi ya isa, allura za ta hau da 200 da ɗoriya. In ka ga dogo ne kuma allura tana faɗuwa da sauri, kar ka tsaya rabi-rabi, don duk canji mota tana rasa gudu, kafin ka saki kuloci giyar da ka sa ta riga ta yi mata nauyi. Sauko da yawa sau ɗaya, tun allura ba ta fita daga kore ta ƙasa ba, ka zauna a nan har bisa. Mafi munin abu ka nemi tsallakawa daga hai zuwa lo a makare a tsakiyar hawa. Akwai ɗan jinkirin nan da iska take yi kafin ta buga, ka ji "tas". A fili ba komai ba ne, a tudu da masara buhu 300 kuwa mota tana iya tsayawa cak kafin ta buga.

Malam_Basawa:
A ƙara da cewa hai da lo ana ɗaga makunnin ne tun giya tana ciki, shi kuma ya canza lokacin da sanda ta ratsa firi. Kuma ba a sauka lo mota tana da gudu. Wasu motocin suna da abin da yake hanawa, wasu an cire ko ya mutu, in ta shiga inji ne zai yi kukan da bai taɓa yi ba. Da safe kuma a bar iska ta cika, ƙararrawa ta yi shiru, kafin a fara kokawa da sanda. Hai da lo iska ce, rabin giya iska ce, bustan kuloci ma iska ce.

Auwalu_Howo:
Shi ya sa ni na ƙosa a ba ni otomatik in huta da duk wannan.

Garba_Roka:
Ka huta har ranar da za ta tsaya maka a Tafa ta rubuta lamba a allo, ka ga bakaniken da zai taɓa ta ba kwamfuta. Mai sanda ko da giya biyu ta rage za ka lallaɓa ka kai gari.

Ɗalibi_Samaru:
Amma a Turai yanzu kusan duk sababbin manyan motoci otomatik ne, kuma su ne za su zo mana tokumbo nan gaba. Abin mamaki, da yawansu babban akwatin babu zobe, irin na Baba ne, kwamfuta ce take daidaita gudun inji.

Baba_Mai_Mack:
Madalla da ɗan makaranta. Ashe Bature ya zaga ya zaga ya dawo gidana. A rubuta wannan a ajiye.

Ɗalibi_Samaru:
Baba, amma tana buɗe kuloci fa in za ta canza.

Baba_Mai_Mack:
Wannan kuma tsoronta ne.

Injiniya_Muciya:
Mu koma kan tambayar Sani, don akwai abin da ya kashe gardamar a motar da yake bi yanzu. A ZF, rabin giya ba ya canzawa sai kuloci ya kai ƙasa, domin takawar ce take buɗe wa iska hanya. Ka danna makunnin gefe ka yi ta jira, ba abin da zai faru sai ka taka. A Eaton mai 13 ko 18 kuwa, ka danna, ka ɗaga ƙafa daga totur, ta canza da kanta. Masu ƙera ta ZF sun gina ta ne a kan za ka taka. Wanda ya ƙi takawa ya mai da giya 16 ta koma 8.

Sai ƙananan halaye biyu da nake gane direba da su in an kawo mota. Mai ɗora hannu a kan sanda yana tafiya, cokulan giyarsa a cinye suke. Mai jingina ƙafa a kan kuloci, boris ɗinsa ne yake fara kuka.

Baba_Mai_Mack:
Injiniya, ban musa maka rabin giya ba. Amma cikakkiyar giya na sa ta a DAF ba kuloci, daga Dan Magaji har Mararrabar Jos, mai motar yana zaune a gefena, ko ƙyas ba ta yi ba.

Injiniya_Muciya:
Baba, na yarda ba ta yi ƙara ba, ai shi ne abin da na faɗa tun farko. Zoben ne ya haɗiye ƙarar. A Mack in ka kauce kunnenka zai gaya maka, a DAF sai ranar juye man giya, in an kwance noti mai maganaɗisu ka ga garin ƙarfe ya yi masa gashi, man kuma yana ƙyalli.

Usman_Tanka:
Ni ina ganin a bar yaro ya koyi duka. Ranar da bututun kuloci ya fashe masa a daji da dare, sa giya ba kuloci ne zai fitar da shi zuwa inda mutane suke. Wanda bai taɓa gwadawa ba a nan zai kwana.

Hajiya_Mai_Tifa:
Ya koya, amma ba a motata ba.

Malam_Basawa:
Usman, wannan lalura ce, ba a gina koyarwa a kanta. Sani yana neman lasin ajin G ne, na masu jan tirela, da amanar mai mota. Ya fara ƙwarewa a taka ɗaya a DAF, taka biyu a mara zobe. Sauran in kunne ya nuna zai zo da kansa.

Baba_Mai_Mack:
Kunne ba ya nuna a aji, Malam. Sani, in kun dawo daga kudu ka same ni a Dan Magaji bayan la'asar, motar tana nan ba kaya. Zan rufe agogon da hula in ga abin da maigidanka na farko ya bar maka.

DanGiwa_95:
Ka je, amma kar maigidanka na yanzu ya ji labari.

Auwalu_Howo:
Injiniya, na shiga ƙarƙashi na goge allon, HW19710 aka rubuta. Kuma tun shekaranjiya in na ɗaga hai sai ta yi jinkiri, wani lokaci ta tsaya a tsakiya ba hai ba lo sai na mayar na sake. Iska ce ko zoben baya ne?

Injiniya_Muciya:
Fara da mai araha. Zubar da ruwan tankunan iska, ka bi siraran bututun da suka sauko daga kan sanda da ruwan omo ka ga inda yake kumfa, ka duba ɗan tace iskar da ke jikin giyabos. In duk lafiya kuma tana karta lokacin bugawa, to zoben ne. Kar ka ɗauki lodin simintin Obajana da ita a haka, kawo ta gobe da safe kafin layi ya yi tsawo.